Hakkin Yaro Mai Baiwa a Kan Malaminsa

Babu malamin da ya daɗe da alli a hannu da bai taɓa gamuwa da irin wannan yaro ba. Kafin malam ya gama rubuta tambaya a allo, shi ya riga ya san amsa. Ana karanta labari sau ɗaya ya riƙe shi, ya kuma yi tambayar da babu amsarta cikin littafin. Wani lokaci yarinya ce mai shiru a kusurwar aji, ba ta ɗaga hannu, amma in an duba littafin rubutunta sai a ga ta bi wata hanya dabam ta kai ga amsar. Akan ce irin wannan yaro yana da kaifin basira, ko a ce kansa yana ja, ko kuwa a ce yana da baiwa. Kalma ta ƙarshen ta fi sauran faɗin gaskiya, gama tana tuna wa mutum cewa yaron bai sayi abin ba, malamin kuma bai ƙera shi ba. Ba shi aka yi.

Abin da yakan sami irin wannan yaro a makaranta sananne ne. Wani malami yakan ƙyale shi, ya ce wannan ai ba ya bukatar kowa, ko an koya ko ba a koya ba zai ci jarrabawa. Wani yakan miƙa masa bulala da takarda ya ce ya riƙa rubuta sunayen masu surutu. Wani kuwa yakan mai da shi ado, duk ran da baƙo ya zo sai a tashe shi ya yi karatu a tafa masa. A cikin ukun nan babu wanda ya koya masa kome. Shekara takan fita yaron yana zaune a benci ɗaya da sauran, yana jiran su iso inda yake tun watan farko.

Ko wannan zalunci ne? Mutane da yawa masu kirki za su ce a'a, hujjarsu kuwa ba ta wasa ba ce. A ce malami ɗaya yana da yara tamanin a rumfar zana, littafi ɗaya na yara huɗu ko biyar. A cikinsu akwai waɗanda suka shekara uku suna zuwa amma ba su iya haɗa baƙi da wasali ba. In waɗannan suka bar makaranta haka, sun rasa karatu ke nan har tsufansu. Mai baiwa fa, ko an manta da shi, ba zai fita jahili ba. To, da wane ido malami zai ɗauki minti goma daga na mai yunwa ya ƙara wa ƙosasshe? Mai karanta Linjila zai ƙara da cewa makiyayin kirki tumaki tasa'in da tara ya bari ya tafi neman guda ɗaya da ta ɓace, bai tsaya yana shafa wadda ta fi ƙiba ba. Akwai kuma wani tsoro, cewa da zarar an fara ware yara ana cewa waɗannan masu baiwa ne, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan ma'aikata ne za su cika wurin, gama su ne suka taso da littafi da fitila a gida.

Duk wannan gaskiya ne, ba kuwa za a share shi da 'yan kalmomi ba. Amma hujjar ta ɗauka cewa yaron da ba a koya masa kome ba, ba abin da ya rasa. A nan ne kuskuren yake. Uban da ya saki ɗansa daga gona ko kiwo ya aika shi makaranta, alkawari ɗaya makaranta ta yi masa, wato yaron zai riƙa komowa gida da abin da bai sani ba da safe. Alkawarin nan ya shafi mai jinkiri, ya shafi mai sauri. Leta Hollingworth, wata malama a Amurka da ta ba da ranta ga nazarin irin waɗannan yara, har ta jagoranci azuzuwansu a makarantar Speyer ta birnin Niyok daga 1936, ta ƙiyasta cewa yaro mai kaifin basira yakan yi asarar rabin lokacinsa a aji na kullum, wanda ya fi haka kaifi kuwa kusan dukan lokacinsa yake asara. Asarar ba ta tsaya ga lokaci ba. Yaron da ya shekara shida ba a taɓa ba shi abin da ya sa shi gumi ba yakan koyi ƙyuya, ya koyi raina mutane, ya ɗauka cewa duk abin da bai zo da sauƙi ba ba nasa ba ne. Wani yakan zama fitinanne a aji don gundura, a yi ta dukansa a kan laifin da zaman banza ya jawo. Tunkiyar da takan ɓace ba kullum ce gurguwa ba. Mai ƙarfin ƙafa ma takan yi nisa in ba ta sami ciyawa a inda aka tsai da garke ba.

Yana da kyau a tuna cewa tsarin tara yara bisa ga shekarunsu, a sa su tafi da taki ɗaya, baƙon abu ne a ƙasashen nan. A makarantar allo ta maƙwabta Musulmi kowane almajiri da allonsa, in ya iya abin da aka rubuta masa sai ya wanke a ɗora masa na gaba, ba ya jiran kowa. Maƙeri ma ba ya hana yaron da hannunsa ya faɗa ƙera lauje don ɗan'uwansa yana kan zuga. Makarantar boko ce ta zo da aji da ƙararrawa da manhaja ta shekara, don ta iya koya wa yara da yawa da malamai kaɗan. Dabara ce mai amfani, amma dabara ce kawai, ba ka'idar adalci ba ce. Wanda ya auna wa jariri da ƙato tuwo malmala ɗaya ɗaya ya yi daidai a lissafi, amma ɗaya ya kwana da yunwa.

Misalin talanti na cikin Linjilar Matiyu, sura 25, ya taɓa wannan magana sosai, har ma kalmar da Faransawa da Ingilishi suke kiran baiwa da ita daga sunan kuɗin nan ta samo asali. Maigida ya ba bawa ɗaya biyar, wani biyu, wani ɗaya, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Abin lura shi ne, mai biyar da mai biyu yabo iri ɗaya suka samu, ba a ɗaga na farkon don rabonsa ya fi yawa ba. Wanda aka tsauta wa shi ne wanda ya haƙa rami ya binne nasa. Abu biyu ke nan ga malami. Yawan baiwa ba ya ƙara wa yaro daraja a kan ɗan'uwansa. Amma malamin da ya bar yaro zaune shekara da shekaru ba aikin da ya kai ƙarfinsa, shi ne yake haƙa masa ramin da hannunsa.

Saboda haka hakkin mai baiwa a kan malaminsa shi ne aiki mai wuya. Sauran yara suna samun wannan kowace rana ba tare da an shirya musu ba, gama darasin kullum ya isa ya sa su fama, su kuskure, su sake gwadawa, su ɗanɗani daɗin gane abu bayan wahala. Shi kaɗai ne aka hana wa wannan. Labarin Terence Tao, ɗan ƙasar Ostareliya da aka haifa a 1975, ya nuna haɗarin. Yana ɗan shekara 13 ya ci lambar zinariya a gasar lissafi ta duniya a 1988, a 2006 kuma aka ba shi lambar Fields, wadda take cikin mafi girman lambobin masana lissafi. Duk da haka shi da kansa ya ba da labari cewa sa'ad da yake neman digirin dakta a jami'ar Princeton, da ƙyar ya tsallake wata babbar jarrabawa ta baka, domin har lokacin bai koyi zama ya yi bitar abin da ba ya masa daɗi ba. Kaifin kai ya ɗauke shi har ƙofar, can kuwa ya tarar kaifi kaɗai bai isa ba. Ya ce faɗuwar da ya kusa yi ce ta koya masa aiki. In haka ta faru ga wanda ya sami malamai masu lura da shi tun yana ƙarami, ina ga yaron ƙauye da ya saba zama na ɗaya ba tare da buɗe littafi ba, ran nan ya iske kansa a babbar makaranta cikin waɗanda suka fi shi? Da yawa a nan suke karyewa. Ba su taɓa faɗuwa ba, don haka ba su san yadda ake tashi ba.

Sai dai a bambanta aiki mai wuya da aiki mai yawa. Malami mai kyakkyawar niyya yakan ga yaro ya gama lissafi goma, sai ya ƙara masa ashirin irinsu. Yaro ba wawa ba ne, nan da nan zai gane cewa ladan sauri shi ne ƙarin wahala, gobe sai ya ja ƙafa. Abin da ake so shi ne tambaya ɗaya da za ta tsai da shi. Wanda ya iya rabawa, a tambaye shi dalilin da ya sa duk lambar da jimillar alƙalumanta ta rabu da tara, ita ma takan rabu da tara. A tura shi ya auno tsawon itacen gawo da inuwarsa da sanda, ba tare da ya hau ba. A ce ya ƙiyasta tiya nawa na gero rumbun gidansu zai ci, ya kuma nuna yadda ya yi. Wanda ya iya karatu, a ce ya je wurin wata tsohuwa ya rubuto tarihin rijiyar garin, ya je wurin wani tsoho ya rubuto nasa, sa'an nan ya faɗi inda suka saɓa da wanda ya fi yarda da shi. Hollingworth ma irin wannan ta yi, ta sa yaranta su bi asalin abubuwan yau da kullum, abinci da tufafi da gidaje da abin hawa, su gano yadda kowanne ya zama yadda yake. Gishirin Bilma da ke kasuwa kaɗai ya isa aikin wata guda: ta ina ya biyo, raƙuma kwana nawa suka yi, me aka ba da a madadinsa. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake cin kuɗi, lokacin malami da suke ci kuma bai kai wanda yake ɓatawa wajen tsawata wa yaron da ya gundura ba. Wannan shi ne rabin amsar da za a ba masu hujjar yara tamanin.

Yabo yana da nasa haɗari. A 1998 wasu masu bincike biyu a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, suka ba yara 'yan aji biyar wasu tambayoyi. Bayan sun gama, aka yabi waɗansu da cewa suna da basira, waɗansu kuwa aka yaba musu ƙoƙarin da suka yi. Da aka ba su zaɓi, waɗanda aka yabi basirarsu suka fi karkata ga aiki mai sauƙi, da aka kawo mai wuya suka fi saurin karaya, kusan huɗu cikin goma nasu kuma suka ƙara wa makinsu gishiri sa'ad da suke faɗa wa wasu yara. Waɗanda suka sake gwada wannan daga baya ba duka suka sami sakamako mai ƙarfi haka ba, don haka kada a ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa. Amma abin da ya nuna, tsofaffin malamai sun san shi tun kafin a auna. Yaron da kullum ake ce masa gwani yakan sami suna da zai tsare, mai tsaron suna kuwa ba ya son a gan shi yana kuskure. An ce yabon gwani ya zama dole, amma abin yabo shi ne aikin da ya yi, ba rabon da ya tarar a kansa ba. Malami yana iya cewa hanyar nan da ka bi ta yi kyau, ko kuwa wannan bai kai abin da kake iyawa ba, sake. Magana ta biyun takan fi zama alheri, ko da yake ba a cika faɗa wa na ɗaya a aji ita ba.

Akwai abin da ba a son faɗa a taron malamai, wato kishi. Ran da yaro ɗan shekara goma ya ɗaga hannu ya ce amsar da ke allo ba daidai ba ce, kuma ya zama shi ne da gaskiya, ran nan ne ake gwada malami. A ƙasar da ake girmama na gaba, gyaran da ya fito daga bakin yaro yana da ɗaci, da yawa kuma sukan rufe kunyarsu da bulala su kira abin rashin kunya. Lalle ya kamata a koya wa yaro yadda ake gyara babba da ladabi. Amma in aka hore shi don ya faɗi gaskiya, darasin da dukan aji ya koya shi ne girma ya fi gaskiya. Akan ba da labarin Carl Friedrich Gauss, wanda aka haifa a Jamus a 1777, ɗan wani talaka mai aikin hannu, cewa malaminsa Büttner ya ba aji aikin tara dogon jerin lambobi, akan ce daga 1 zuwa 100, shi kuwa ya lura cewa ta farko da ta ƙarshe 101 ne, ta biyu da ta kusa da ƙarshe ma 101, har sau 50, ya ajiye allonsa da 5050 nan take. Masu ba da labarin sukan tsaya a nan don su nuna gwanintar yaron. Abin da ya biyo baya ya fi amfani ga malamai. Büttner ya sayo masa littafin lissafi mafi zurfi, da ya ga yaron ya wuce inda shi zai iya kai shi, sai ya bar shi a hannun mataimakinsa, wani saurayi mai suna Martin Bartels, suka riƙa karatu tare. Ta haka maganar yaron ta kai kunnen sarkin ƙasar, wanda ya ɗauki nauyin karatunsa daga 1791. Malamin ƙauye da ya ce wa yaro ban sani ba, amma bari a nemo wanda ya sani, bai rage kome daga girmansa ba. A yau ma wanda ya sani yana iya zama likitan asibitin mishan, ko ɗalibin jami'a da ya zo hutu, ko darasin da ke cikin wayar hannu in akwai mai lura da abin da yaron yake kallo.

Batun tsallakar da yaro aji kuwa, bincike na shekaru masu yawa a Amurka da Ostareliya ya nuna cewa yawancin yaran da aka tsallakar bayan an duba su da kyau sun amfana, ba su kuwa lalace wajen zama da mutane yadda ake tsoro ba. Abin dubawa shi ne don wa ake yi. William Sidis ya shiga jami'ar Harvard a 1909 yana ɗan shekara 11, jaridu suka yi ta binsa kamar abin kallo a kasuwa. Da ya girma ya guje wa lissafi mai zurfi da idon jama'a, ya riƙa ƙananan ayyukan ofis har ya mutu a 1944 yana da shekara 46. Tao kuwa an bar shi ya yi gaba a lissafi da kimiyya, a waɗansu darussa yana tare da yara kusa da sa'o'insa, ba a yi gaggawar raba shi da ƙuruciyarsa ba. Yaron da kansa ya kai na ɗan shekara goma sha biyar, zuciyarsa tana iya zama ta ɗan shekara tara, yana bukatar wasan langa da abokai kamar kowa.

To, baiwar ta wa ce? Masu neman ta suna da yawa. Makaranta tana so ta yi suna da ita. Iyaye sukan ga rumbun tsufansu a cikinta, har yaro ɗan shekara goma sha biyu ya riƙa jin nauyin dangi duka a wuyansa. Masu mulki ma tun dā sun san amfaninta. Littafin Daniyel ya faɗi yadda sarkin Babila ya sa aka zaɓo samarin Yahuza masu fahimi, aka koya musu harshe da littattafan Kaldiyawa shekara uku, aka sāke musu sunaye, domin su yi wa fada aiki. Faransa ta yi kusan haka a Afirka ta Yamma da makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda aka riƙa tara zaɓaɓɓun yara daga dukan yankin don a sami malamai da akawuna da ma'aikatan lafiya. Daga cikin waɗanda suka bi ta can akwai Boubou Hama da Hamani Diori na Nijar. Akwai kuma Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya ci gaba har Faris ya zama masanin kimiyyar fizik. Shi bai tsaya inda aka shirya masa ba. A 1964 ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka, inda ya soki makarantar mulkin mallaka, ya kuma nemi a koya wa yara da harsunansu. Ya komo ya shugabanci ofishin nazarin makamashin rana na Nijar daga 1969, yana neman yadda zafin ranar da ke ƙona Sahel zai ɗumama ruwa ya kuma juya inji. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma tana ɗauke da sunansa.

Ba kowane mai baiwa ne zai zama Abdou Moumouni ba, ba kuwa daidai ba ne malami ya ɗaura wa yaro bashin da zai bi shi har kabari. Wanda aka yi wa baiwar kiɗa ba a tilasta masa likitanci don garin ba shi da likita. Amma tun yana ƙarami ana iya nuna masa cewa abin da aka ba shi kyauta ba na taƙama ba ne. A nan ne sa shi ya taimaki 'yan ajinsa yake da wuri, in an yi shi da ma'auni. Bayyana wa wani abu yana zurfafa sanin mai bayyanawa, yana kuma koya masa haƙuri da wanda bai gane da sauri ba, abin da masu kaifin kai suka fi kowa rashi. Sauran rabin amsar masu hujjar yara tamanin ke nan, gama malami ya sami hannu na biyu. Sharaɗin shi ne a fara ba shi nasa abincin. Yaron da aka mai da shi ƙaramin malami marar albashi daga safe har yamma an cuce shi, wanda aka ba bulala kuwa an cuce shi sau biyu, an hana shi karatu an kuma raba shi da abokai. Ya kamata kuma ya sami wurin da shi ne na baya, ko a gona, ko a ƙungiyar mawaƙa, ko a filin ƙwallo, inda yaron da yake koya wa lissafi zai zama shi ne malaminsa.

Duk abin da aka faɗa ya rataya ne a kan an ga yaron. Gane mai baiwa ya fi wuya fiye da yadda ake zato, tsoron nan na cewa 'ya'yan masu hali za su cinye wurin kuwa yana da tushe. Alfred Binet, wanda ya shirya gwajin basira na farko a Faris a 1905, ya yi shi ne don a gano yaran da ke baya a taimake su, bai kuwa yarda cewa basira abu ne tsayayye da ba ya ƙaruwa ba. Lewis Terman na jami'ar Stanford ya ɗauki gwajin ya juya shi, daga 1921 ya zaɓi yara kimanin 1,500 a jihar Kalifoniya waɗanda suka fi maki, aka bi rayuwarsu har tsufa. Yawancinsu fararen fata ne daga gidajen masu abin hannu, mafi yawa kuma malamansu ne suka fara nuna su. Da yawa sun yi nasara a rayuwa, amma ba ko ɗaya da ya sami lambar Nobel. Yara biyu da aka gwada aka ce ba su kai ba, William Shockley da Luis Alvarez, su ne suka same ta, ɗaya a 1956, ɗaya a 1968. A gundumar Broward ta jihar Fulorida kuwa, da aka daina dogara ga zaɓin malamai da iyaye kaɗai aka fara gwada kowane yaro ɗan aji biyu a 2005, sai adadin 'ya'yan baƙar fata da 'ya'yan baƙi masu jin Sifaniyanci da aka gane suna da baiwa ya ƙaru ƙwarai. Yaran suna nan tun dā, idon manya ne bai sauka a kansu ba.

A ƙasashen Hausa abin da ke rufe idon malami ba boyayye ba ne. A makarantar da ake koyarwa da Faransanci ko Ingilishi, ɗan ma'aikacin da ya ji harshen a gida yakan yi kama da mai basira, ɗan makiyayin da yake riƙe da lissafin shanu ɗari da kamannin kowace a kansa ya yi kama da dolo. Mai tsabtar riga da saurin baki yakan sha gaban mai in'ina. Akwai kuma mai baiwa a fanni ɗaya tak, kamar Srinivasa Ramanujan na Indiya, wanda ya rasa tallafin karatunsa a kwaleji don ya ƙi kula da kome sai lissafi, ya zama akawu a tashar jiragen ruwa ta Madras, har sai da wasiƙar da ya aika wa G. H. Hardy a Kambirij a 1913 ta fito da shi. Fiye da duka akwai 'yan mata. Binciken gidaje da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kimanin uku cikin huɗu na 'yan mata an aurar da su kafin shekara 18. Baiwa ba ta zaɓar jinsi, don haka a cikin waɗannan akwai masu kai irin na duk wanda aka ambata a sama, an cire su daga aji kafin kowa ya tambaye su dalilin da ya sa tara take raba lamba.

Wani lokaci aikin malami mafi girma ba a cikin aji yake ba. Albert Camus ya taso a wata unguwar talakawa ta birnin Aljas. Ubansa ya mutu a yaƙin 1914 yana jariri, uwarsa ba ta iya karatu ba, kunnenta kuma ba ya ji sosai, tana aikin share gidajen mutane. Kakarsa ce mai iko da gidan, niyyarta kuwa yaron ya gama firamare ya kama aiki ya kawo kuɗi, kamar sauran yaran unguwar. Malaminsa Louis Germain ya riƙa tsai da shi tare da waɗansu yara kaɗan bayan an tashi, yana shirya su don jarrabawar neman tallafin shiga sakandare, bai karɓi ko kwabo ba. Sa'an nan ya taka har gidan ya zauna da tsohuwar ya yi mata bayani, har ta yarda. Yaron ya ci jarrabawar a 1924. A watan Nuwamba na 1957, 'yan makonni bayan an sanar da cewa shi ne ya sami lambar Nobel ta adabi, ya rubuta wa Germain wasiƙa, ya ce masa da labarin ya zo, bayan uwarsa, shi ne mutum na farko da ya faɗo masa a rai.